Zango a Kan Taya: Direbobin Ƙasar Funtua da Gidan da Suke Wahala Dominsa

A shekarar 2021 fim ɗin Nomadland ya ci babbar kyautar Oscar, ya kuma jawo hankalin duniya ga wasu Amurkawa, galibinsu masu manyan shekaru, waɗanda durƙushewar tattalin arziki ta 2008 ta raba da gidajensu, suka tattara komatsansu suka koma zama cikin mota. A can akwai masu yin haka don dole, akwai kuma masu yi don marmari: mutum ya yi ritaya, ya sayar da gidansa, ya sayi motar da aka ƙera da gado da madafa da makewayi, ya yi ta zagaya ƙasa har ƙarfi ya ƙare. Wanda ya ga hotunansu a intanet yana zaune a Funtua ko Malumfashi zai iya cewa wani sabon salon Turawa ne. Da kuwa zai leƙa inda manyan motoci ke kwana a garinsu da sanyin asuba, da ya tarar da waɗanda suka daɗe a harkar: tabarma a ƙarƙashin tirela, buta da risho a gefe, wanki an shanya a jikin bodi, yaro yana naɗe bargo.

Bambancin yana ga inda kowa ya sa gaba. Ba'amurken ya baro gida ne ya shiga mota. Mutumin ƙasar Funtua ya shiga mota ne domin wata rana ya fito ya shiga gida nasa na kansa, mai rufin kwano, mai ɗakin da aka yi wa jere. Tsakanin tabarmar ƙarƙashin mota da wannan gida akwai tsani mai matakai da kowa ya sani a da: yaron mota, direba, mai mota, mai gida. Dubban magidanta a kudancin Katsina ta wannan tsani suka hau. Yadda aka kafa shi, da abin da ya riƙe shi tsawon shekaru, da dalilin da ya sa matakansa ke karyewa a yanzu, tarihi ne da ya haɗa auduga da jirgin ƙasa da sifana da kwanon samira.

Daga jaki zuwa layin dogo

Zaman hanya ba da mota ya fara ba. Fatake sun riga direbobi, su da ke ɗaure kaya a kan jakuna da takarkarai su nufi Gwanja sayen goro, tafiyar da kan cinye watanni. Ayari yana da madugu, yana da dokokinsa, yana da zangunan da aka sani, inda ake sauke kaya a kafa 'yan bukkoki a hura wuta, gari na wayewa a yi gaba. Yaron da ya fara da korar jakin ubangidansa yana sa ran ya koyi hanya da ciniki, a ba shi jari, shi ma ya mallaki nasa. Ba wanda ya taɓa ɗaukar zango gida, ko da ya fi kwana a can fiye da ɗakin matarsa.

Kudancin Katsina ƙasa ce mai laka, ruwan samanta ya fi na arewacin lardin, kuma auduga ta daɗe tana karɓarta. A 1902 masu masaƙun Ingila, da suka gaji da dogaro da audugar Amurka, suka kafa ƙungiyar British Cotton Growing Association a Mancesta, suka ɗora burinsu a kan Arewa. Jirgi ya isa Kano a 1911, amma abin bai zo musu yadda suka so ba: manoman Kano suka karkata ga gyaɗa, masaƙan gida kuma suna sayen auduga da farashin da ya fi na Bature. Inda lissafinsu ya fita shi ne yankin da ke tsakanin Zariya da Gusau. Aka yaɗa irin audugar Amurka da ake kira Allen, aka buɗe gonar iri a Daudawa a shekarun 1920, aka kuma ja reshen layin dogo daga Zariya ya bi ta Funtua da Gusau, ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929. Aka kafa injinan gurzar auduga a Funtua da Malumfashi. Funtua, wadda a da ba ta kai Maska suna ba, ta zama mazaunin Sarkin Maska, ta cika da baƙi daga ko'ina, kuma har yau akwai unguwa a garin da ake kira da harufan sunan waccan ƙungiya.

Malumfashi kuwa jirgi bai je ba. A wannan giɓi na kusan kilomita 50 mota ta sami gurbi. Gwamnatin mulkin mallaka ba ta son mota ta yi gasa da jirgi, domin jirgin nata ne, bashin gina shi kuma yana wuyanta. Abin da take so shi ne hanyoyin da za su riƙa ciyar da tashoshinsa da kaya. Hanyar da ta tashi daga Funtua ta bi ta Bakori da Malumfashi zuwa Yashe irin wannan aiki ta yi. Manomi ya kai audugarsa fuloti a kan jaki, a duba ta a auna, a ɗura a buhu, mota ta kwasa zuwa injin gurza, a matse ta dila-dila, a kai tashar jirgi, daga nan sai Apapa sai Libaful. Aiki ne na rani, kuma tafiyar gajera ce. Direban wancan zamani bai cika daɗewa bai ga gida ba.

Motar da ke zuwa rabi

Akwai abu guda game da waɗannan motoci da ya kamata mai karatu ya riƙe, domin kusan duk abin da ya biyo baya a kansa ya ginu. Motar Bedford ko Austin da ake saukewa a Apapa, ko wadda wani reshen kamfanin UAC ya fara harhaɗawa a can a ƙarshen shekarun 1950, rabin mota ce: inji, da ƙarafan da ke ɗauke da shi, da tayoyi, da ɗan gaba. Sauran rabin kafinta ne ke yi. Wanda ya sayi mota sai ya kai ta wurin masu bodi, su zauna su shawarta kamar mai gini da magini. Auduga ba nauyi sai cika wuri, don haka a ɗaga bangon katako sama. Idan shanu za a riƙa ɗauka, a gicciya sanduna a bisa inda masu rakiya za su zauna. A yi akwati a gefe na kayan aiki da tukunya, a yi maratayin jarka da buta, a bar wurin safayar taya. Sa'an nan mai fenti ya zo da zakinsa da gaggafarsa da hoton masallaci, ya rubuta a goshi ko a baya abin da ke ran mai motar: hassada ga mai rabo taki ce, ko kuwa sai haƙuri kawai.

Ba mu kaɗai muka yi haka ba. Masanin nan Bajamushe Kurt Beck ya bi diddigin yadda maƙeran Sudan suka riƙa warware motar Bedford suna sāke ta, suna ƙara mata tsawo da ƙarfi har ta iya ratsa rairayi da kayan da masu ƙera ta ba su taɓa tsammani ba. Sifinja suke ce mata, wato silifas, don laushin tafiyarta. A can da nan, kamfani ya sayar da inji, mutanen gari suka mayar da shi abin zama.

A cikin wannan gida mai taya, direba ne maigida, kujerar gaba kuma ita ce turakarsa. Yaron mota, wanda bakin duniya ya raɗa wa karen mota, shi ne komai da komai. Shi ke dirowa da gudu ya tokare taya da waigi idan an tsaya a gangara, shi ke zuba ruwa a lagireto, shi ke ɗaure tamfol, shi ke dafa abinci, shi ke gadin kaya, shi ke kwana a ƙarƙashin mota ko a kan lodi, ko ana sanyin hunturu. Albashin kirki babu. Ladansa abinci ne da ɗan abin da ya samu wurin fasinjan hanya, da kuma koyo. Yau a ce ya tayar da inji, gobe ya gyara wa mota tsayuwa a tasha, wata rana da asuba a hanyar da ba kowa a miƙa masa sitiyari. Shekaru ake yi a haka. Waƙar Karen Mota ta Ɗan Maraya Jos ta karɓu ne domin kowa ya san mutumin da take zancensa, da daudar rigarsa da wulaƙancin da yake sha.

Jama'a dai ba su taɓa tsayar da magana ɗaya a kan mutanen mota ba. A ce wa yaro ɗan tasha zagi ne, kuma iyaye da yawa sun hana direba 'yarsu, suna cewa wanda ba a san inda ya kwana ba, ba a san halinsa ba. Amma a garin Funtua ɗin nan Alhaji Mamman Shata ya yi zamansa, kuma ya wasa direbobi da kalangu kamar yadda ya wasa sarakuna da attajirai. Direba shi ne mutumin da ya ga Legas da idonsa, mai agogo a hannu, mai kawo tsarabar da ba a taɓa gani ba a ƙauye.

Shekarun da hanya ta yi tsawo

Har zuwa tsakiyar shekarun 1960, kaso mai yawa na masu motoci da makanikai da masu sayar da kayan gyara a garuruwan layin dogo 'yan kudu ne, musamman Ibo da Yarbawa. Kashe-kashen 1966, wanda Funtua na cikin garuruwan da ya shafa, ya kori Ibo daga Arewa, suka bar garejoji da shaguna da ayyukan jirgi. Ba daɗin faɗa, amma tarihin sana'ar ba ya cika sai da wannan: yaran da suka koyi aiki a hannun waɗanda suka gudu su ne suka wayi gari iyayen gida, kuma shigar Hausawa harkar mota da ƙarfi ta samo wani ɓangare na asalinta daga wannan masifa. Yaƙin basasa ya datse layin dogon Fatakwal, jirgi ya shiga raunin da bai farfaɗo daga shi ba, kaya suka koma kan kwalta.

Sai kuɗin mai ya zo. A 1972 ƙasar ta koma tuƙi a hannun dama, aka shimfiɗa hanyoyi, aka kafa masana'antun harhaɗa motoci: Peugeot a Kaduna, Fiat a Kano, Steyr a Bauci, Leyland a Ibadan, Mercedes a Inugu. Mercedes 911 mai gajeren hanci, wadda muke kira roka, ta zama sarauniyar hanya. Mallakarta kuma ba ta fi ƙarfin mai ƙoƙari ba, domin kamfanoni suna bayar da mota a biya sannu a hankali. Tsarin ya taɓa zama tarko, inda mutum zai biya kusan duka, ya makara wata ɗaya, a zo a ƙwace motar. Dokar da aka yi a 1965 ta rage wannan zalunci: idan mai saye ya biya kashi uku cikin biyar na kuɗin mota, ba a karɓe ta sai ta hannun kotu. Ban da kamfani ma, akwai hanyar gida, wadda ta fi yawa: Alhaji ya ga amanar direbansa, ya sayi sabuwa, ya bar masa tsohuwar ya riƙa biya daga abin da take samowa.

Kayan ɗauka kuwa sun ƙaru. A 1975 aka fara shirin bunƙasa aikin gona na Funtua da tallafin Bankin Duniya, tare da takwarorinsa na Gusau da Gwambe. Shirin ya buɗe hanyoyin karkara, ya kawo takin zamani, ya kuma mayar da masara, wadda a da ake shukawa a bayan gida a ci gasassa, amfanin gona na kasuwa. A 1977 aka kafa Hukumar Auduga ta Nijeriya, hedikwatarta a Funtua. Taki yana shigowa a mota, masara da dawa suna fita a mota daga kasuwanni irin su Ɗandume da Bakori, shanu daga Sheme, tumatir daga Ɗanja. Masu ci kuma suna can Bodija a Ibadan da Mile 12 a Legas.

A nan ne mota ta zama gida na sosai. Daga Funtua zuwa Legas ta Birnin Gwari da Tegina da Mokwa da Jebba da Ilori ya haura kilomita 800, a motar da ba ta gudu, da lodin da ya fi ƙarfinta. Idan an sauke kuma ba a juyowa wayam. Sai an jira lodin dawowa, siminti ko gishiri ko sukari ko fulawa, jiran da kan ɗauki kwanaki. Zangunan fatake suka dawo da sabon kama: wurin da motoci ke jeruwa, da mai shayi, da mai tuwo, da mai faci, da ɗan masallaci na langa-langa, da mutumin garinku da zai karɓi saƙo ya kai gida.

Abin da sifana ta riƙe

Duk wannan tsari a kan gyara ya tsaya. Roka injin dizal ce tsantsa, ba wata na'ura a cikinta da ido ba ya gani. Idan ta tsaya a daji, yaro ya karyo ganye ya jera a kan titi don masu tahowa su kauce, a buɗe ta nan take. Abin da ya fi ƙarfin direba, sai ya cire ƙarfen da ya lalace ya naɗe a tsumma ya hau wata motar zuwa Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano, ya bar yaro da kaya da ɗan garin kwaki. Yaron kan yi kwana uku, kan yi mako. Da yawa daga manyan makanikai a irin wannan zaman jira suka fara sanin cikin inji.

Garejin manyan motoci kuwa unguwa ce ta masu sana'a, kowa da fanninsa. Akwai mai inji, akwai mai giya, akwai mai wuta, akwai mai walda, akwai wanda aikinsa famfon mai da nozul kaɗai, wanda kan saurari ƙarar mota daga nesa ya faɗi ciwonta. Akwai kuma maƙeri, ɗan gadon waɗanda ke ƙera garma da lauje, wanda ya koma gasa sifirin yana miƙar da shi a kan uwar maƙera. Abin da babu a kasuwa a ƙera shi, abin da ya mutu a wata motar a ciro mai rai daga jikinta. Ta haka motar da kamfani ya yi wa lissafin shekara goma take yin talatin, har a rasa abin da ya rage na asali a jikinta ban da lamba. Ma'anar wannan ga tsanin da muke magana a kai ita ce, tsohuwar mota tana da araha, kuma tana iya ciyar da gida. Da ba don makanike ba, da matakin da ke tsakanin direba da mai mota bai taɓa takuwa ba.

Sai dai bai kamata a yi wa abin kwalliyar da ba tasa ba. Dabarar da ke ƙara ganyen sifirin don mota ta ɗauki ninkin kayanta ba ta ƙara wa birki ƙarfi. Tayar da aka yi wa faci sau biyar tana fashewa ne a gangara, da mutane a saman buhuna. Gwanintar makanikanmu gaskiya ce, amma talauci ne ya haife ta, kuma an biya wani ɓangare na kuɗinta da rayuka tun kafin a kafa hukumar kiyaye haɗurra a 1988, har bayan kafa ta. Gyara ne kuma tushen yawancin rigimar direba da mai mota. Mai mota yana gida yana jiran balas, direba ya dawo da labarin giyar da ta watse a Mokwa, ba shaida sai Allah sai yaron mota. Amanar da aka gina a kan irin wannan lissafi ita ke sa a bar wa mutum mota, rashinta kuma ke sa a karɓe makulli.

Inda kuɗin ya tafi

Masanin zamantakewa Paul Clough, wanda ya zauna a ƙauyen Marmara kusa da Malumfashi a ƙarshen shekarun 1970, ya lura cewa 'yan kasuwar hatsin yankin ba don kuɗi ya haifi kuɗi kaɗai suke tarawa ba. Dukiya tana tafiya ne tare da hidima, wato aure, da faɗaɗa gida, da ɗaukar nauyin dangi da barori. Direba ma haka. Kuɗin hanya na farko na aure ne, na biyu na fili, sa'an nan bulo, sa'an nan kwano, sa'an nan gona, daga bisani kujerar Makka. Yana da wata dama da maƙwabcinsa manomi ba shi da ita: yana saye a inda kaya ke da araha, kuma dakon kyauta ne. Wannan tafiya ya saƙalo bandir ɗin kwano a bayan lodi, waccan ƙofar ƙarfe, wata buhu biyar na siminti. Gidajen direbobi da yawa a haka aka gina su, ɗaki-ɗaki, shekara da shekaru, kamar yadda ake gyaran roka.

To amma bango da rufi ne nasa. Abin da ke cikin ɗaki na matar ne, iyayenta suka kawo, danginta mata suka jera. Kayan ɗaki suna da nasu tarihin, kuma a mota ya zo. Kakanninmu mata da ƙore da akussa da tasoshin tagulla da faifai aka kai su. Daga baya kwanonin sanholama masu fenti suka shigo daga Turai da Hankon, langa da fanteka da kumbo, aka riƙa jera su tun daga ƙasa har rufi. A shekarun 1960 attajiran Sin daga Hankon suka kafa masana'antun yin kwanon a Legas da Kano. Daga cikin wannan ayari na masu jari ne Cha Chi-ming ya fito, wanda ya kafa masaƙar UNTL a Kaduna, kuma masaƙar Funtua a ƙarƙashin rukuninsa ta tashi a ƙarshen shekarun 1970. Wato hannun da ya saƙa audugar yankin ɗan'uwan hannun da ya cika ɗakunan amarensa ne. Bayan kwano sai gadon ƙarfe mai rumfa, sai katifar soso, sai gadon fomeka da kabad mai gilashi, sai kuloli da kujerun kushin. Kowane sabon yayi direba ne ya fara ganinsa a kudu, kuma shi aka fara ba sautunsa.

Uwa ke tara kwanuka tun 'yarta tana goye, da ribar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da adashi da biki. Uba ke da gado da katifa da kujeru. Masu yi wa al'adar kallon almubazzaranci suna mance cewa kayan ɗaki ajiya ce. Ana sayar da su ranar tsanani, kuma idan aure ya mutu, a-kori-kura ake kira a kwashe har tsinke. Ashe gidan direba mutum biyu ne ke zaune a ciki da kayan da za a iya ɗorawa a mota: shi da tabarmarsa da butarsa, ita da jerenta. Ita ce dai ke kwana a ciki kullum. Shi kan zo dare biyu ko uku a wata, a ɗakin da ya yi shekara goma yana wahala dominsa, ya tarar an yaye yaro, an yi suna a maƙwabta, an binne wani bai sani ba. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, kuma matan direbobi sun fi kowa sanin nauyin maganar, domin su ne suka riƙe gidan don kada ya bar mai shi.

Karyewar matakai

Shekarar 1986 ce ta fara girgiza tsanin. Gwamnatin Babangida ta karya darajar naira, dala ta tashi daga wajen naira 1 zuwa wajen naira 4 cikin ɗan lokaci, aka kuma rushe hukumomin sayen amfanin gona, har da ta auduga. Sabuwar mota ta fi ƙarfin mutum ɗaya, masana'antun harhaɗawa suka yi ta dusashewa, manyan masaƙun Kaduna suka rufe a shekarun 2000. Duk da haka sana'ar ta sami mafita na wani lokaci: tsofaffin DAF da Mack da Iveco na gwanjo, da injinansu da ake kawowa daga Turai, waɗanda makanikanmu suka koya cikin hanzari. A cikin waɗannan tireloli ne direban Arewa ya fara samun gado na gaske a bayan kujera.

Gadon ya zo daidai lokacin da mallakar motar ke nisa. Yau manyan kamfanonin siminti da fulawa da mai suna da motoci ɗaruruwa, wasu dubbai, yawanci ƙirar Sin, da na'urar da ke nuna wa ofis inda kowace take. Direbansu ma'aikaci ne, kuma ba ranar da kamfani zai ce masa riƙe wannan ka biya a hankali. Sababbin injina kuma da kwamfuta ake binciken ciwonsu. Kunnen tsohon mai famfo ba ya jin yarensu. Mai mota ɗaya da ya rage yana sayen taya da batir da baƙin mai da farashin dala. Dizal, wanda aka daɗe da cire wa tallafi, ya tashi daga wajen naira 300 zuwa wajen 800 a cikin 2022 kaɗai, sa'an nan aka saki naira a 2023, dala ta haura 1,500 a shekarar da ta biyo. Inji ɗaya ya buga, sai a sayar da filin da aka saya don gini.

Hanyar ma ta canza. Dajin Birnin Gwari, wanda a da ake ratsawa da dare don sanyin taya, ya zama wurin da ake sace direbobi, Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Ƙanƙara suka shiga bakin 'yan bindiga. A 2021 gwamnatin Katsina ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta dakatar da fitar da shanu a mota zuwa wasu jihohi. Zagaye ya ƙara kwanaki da mai. A can ƙarshen hanya kuma, cunkoson Apapa ya taɓa kaiwa matsayin da direbobi ke yin makonni a layi, suna wanka da wanki a gefen gada. Kwanan mota ya ƙaru, abin da ake komowa da shi gida ya ragu, farashin siminti da na kayan ɗaki kuwa bai jira kowa ba.

A 2024 aka buɗe tashar sauke kaya ta kan tudu a Funtua, kuma muddin jirgi bai dawo da ƙarfinsa a layin 1929 ba, a bayan tirela kwantenoninta za su riƙa zuwa. Za a ci gaba da neman direbobi da yaransu. Sai dai saurayin Bakori ko Ƙafur da a da zai yi shekara bakwai yana riƙe waigi da burin roka, yau lissafinsa ya fi karkata ga babur, wanda ake iya biya cikin shekara guda ko biyu. Ana ganinsu a manyan motocin da ke gangarawa kudu bayan an gama girbi: an cusa baburan a tsakanin buhunan masara, masu su suna zaune a sama da 'yan jakunkunansu, za su garuruwan da da yawansu a barandar shago ko harabar masallaci za su riƙa kwana, kusa da babur ɗin.